Jan Gicciye a Titunan Birmingham da Manchester: Ta Ina Yaƙin Salibiyya Ya Biyo?

A watan Agustan 2025 tutoci suka cika turakun fitilun titi a unguwannin Weoley Castle da Northfield, kudancin Birmingham. Farin ƙyalle ne mai jan gicciye, wato tutar Ingila, wani wurin a haɗa ta da ta Birtaniya. Da tsani ake zuwa a ɗaure ta da igiyar roba iya inda hannu ya kai, shi ya sa da yawansu a tsakiyar turke suke reto. Wasu kuma suka bi ƙananan shataletale masu farin fenti suna ja musu jan layi biyu. Majalisar birnin ta ce za ta sauke abin da aka rataya a turakun saboda gudun haɗari, nan fa aka yi mata ca, ana cewa ai tutocin Falasɗinu sun daɗe suna kaɗawa a unguwannin Musulmi. Kafin wata ya ƙare abin ya kai Manchester da sauran garuruwa.

A bakin masallatai da zaurukan WhatsApp na mutanenmu, maganar da ta fi yawo ita ce wannan tutar 'yan Salibiyya ce, don mu aka kafa ta. Zargin yana da dalili, domin cikin masu murna da tutocin akwai waɗanda ke yaɗa hoton barde cikin sulke, da jan gicciye a ƙirji, suna cewa lokacin ƙwato ƙasa ya yi. Ƙidayar 2021 ta nuna kusan kashi 30 cikin ɗari na mutanen Birmingham Musulmi ne, a Manchester kuwa kashi 22. Asibiti ɗaya suke zuwa da maƙwabtansu Kiristoci, bas ɗaya suke hawa, 'ya'yansu aji ɗaya suke zama. To ta ina yaƙin da ya ƙare a gaɓar Sham tun 1291 ya samo hanyar shiga tsakaninsu? Ni dai abin da na gamsu da shi shi ne ba gaba ba ce da aka yi ta miƙa wa jikoki shekara ɗari tara babu yankewa. Ta kwanta ta daɗe, zamanin mulkin mallaka ne ya tashe ta. Akwai masu ganin ba haka ba ne, zan zo kansu.

Farkon labarin sananne ne. Turkawa Saljuƙawa suka karya rundunar Rumawa a Manzikert a 1071, sarkin Kustantiniyya ya nemi ɗauki daga Yamma, Fafaroma Urban na Biyu kuma ya miƙe a Clermont ta ƙasar Faransa a Nuwamban 1095 ya yi shelar a tafi a ƙwato Ƙudus, da alkawarin yafiyar zunubi ga wanda ya ɗinka gicciye a rigarsa ya fita. Jinin farko da aka zubar na Yahudawan Worms da Mainz ne a 1096, tun ayari bai bar Turai ba. A Yulin 1099 Ƙudus ta faɗi, aka yi wa mazaunanta kisan da marubutan Faranjawa, wato su 'yan Salibiyyar, da kansu ba su ɓoye ba. Imaduddin Zangi ya karɓe Ruha a 1144, ɗansa Nuruddin ya haɗa kan Sham, Salahuddin Ayyubi ya murƙushe su a Hittin a Yulin 1187, ya shiga Ƙudus a Oktoba bai rama kisan da aka yi ba. A 1204 wata runduna ta karkace hanya ta washe Kustantiniyya, birnin Kiristoci 'yan'uwanta. A 1250 aka kama Sarki Louis na Faransa a Masar bayan yaƙin Mansura. Akka, babbar tungarsu ta ƙarshe, ta faɗi a hannun Mamlukawa a 1291.

Duk wannan lokaci mu ina muke? Bisa lissafin Tarihin Kano, shekarar da Fafaroma ya yi shelarsa ita ce shekarar da Gijimasu ya hau gadon sarauta, shi ne kuwa ya soma ginin ganuwa. Wangarawa ba su iso fada da Musulunci ba sai zamanin Sarki Yaji, bayan shekara ɗari biyu da hamsin. Birmingham ita ma ƙauye ce: kundin harajin Sarki William na 1086 ya ƙiyasta ta a kan sule 20, ba ta sami izinin cin kasuwa ba sai 1166. Manchester kuwa a 1301 ta sami takardar 'yancin gari, an riga an watse daga fagen daga.

Amma yankin yana da hannu a ciki, har yau kuma ana iya zuwa a taɓa shaidar. In ka fita Birmingham ta kudu maso gabas, ka wuce Solihull da Knowle, za ka iske ɗan ƙauyen Temple Balsall: coci na jan dutse, gidajen kula da tsofaffi, makarantar yara, da wani tsohon zaure da aka lulluɓe da bulo daga baya, amma ginshiƙan katakon da ke cikinsa na tun wancan zamani ne. Wani babban mai ƙasa, Roger de Mowbray, shi ya ba 'yan Templar filin a ƙarni na 12. Su ne ƙungiyar nan da ta haɗa zuhudu da takobi, masu farar alkyabba da jan gicciye. Wurin gona ce, ba sansanin soja ba. Ana noman hatsi, ana kiwon tumaki, ana sayar da ulu, riba kuma ta nufi gabas ta zama dawakai da sulke da katangun Sham. Mowbray kansa ya je yaƙi na biyu a 1147, ya koma da furfurarsa, aka kama shi a Hittin. Ya tsira da ransa aka fanshe shi, amma 'yan Templar da 'yan Hospitaller da aka kama a wannan rana Salahuddin bai bar su da rai ba, kuma adalci ne mu riƙa faɗin wannan in muna ba da labarinsa. Talakan Warwickshire kuwa ta hanyar haraji ya san sunan Salahuddin, domin a 1188 Sarki Henry na Biyu ya ɗora wa ƙasa ushirin dukiya don a koma Ƙudus, kuma da sunan Salahuddin ake kiran harajin. Ƙarshen 'yan Templar a hannun Kiristoci ya zo: sarkin Faransa ya kame su a 1307, aka kama na Ingila a Janairun 1308, Fafaroma ya rushe ƙungiyar a 1312, Temple Balsall ta koma hannun 'yan Hospitaller.

Yanzu sai tutar kanta, nan ne kuma nake so mai karatu ya ɗan tsaya. A Janairun 1188 sarkin Ingila da na Faransa suka haɗu a Gisors suka yi alwashin fita yaƙi tare. Don a riƙa bambanta rundunoni, aka raba launi: Faransawa jan gicciye, mutanen Flanders kore, Ingilawa fari. Ke nan jan gicciyen da ake ratayawa a Northfield da sunan Sarki Richard mai Zuciyar Zaki, a wancan yaƙi na Faransawa ne. Shi Richard ɗin ma, cikin shekara goma da ya yi yana sarauta bai wuce wata shida a Ingila ba, harshensa kuma Faransanci ne. Lokacin shirin tafiyarsa ne aka hallaka Yahudawan York a Maris na 1190. A Agustan 1191 ya sa aka yanka fursunoni Musulmi wajen 2,700 a bakin Akka. Bai taɓa shiga Ƙudus ba, da sulhu ya rabu da Salahuddin a 1192.

Jan gicciye ya soma zama alamar sojan Ingila ne a zamanin Edward na Ɗaya, a yaƙinsa da mutanen Wales a ƙarshen ƙarni na 13. Ba zan ce babu alaƙa ko kaɗan ba, tunda Edward ya je Akka a 1271 kafin ya hau gado, kuma 'yan Salibiyya ne suka ƙara ɗaukaka Waliyyi George a Turai bayan sun ce ya bayyana musu a Antakiya a 1098. Sai dai yaƙoƙin da tutar ta yi suna a cikinsu da Kiristoci aka yi su, Wales da Scotland da Faransa. Shi kuma George ba Bature ba ne daga Ingila. A Ludd ta Falasɗinu kabarinsa yake, Kiristocin Larabawa suna girmama shi, Musulmin yankin ma suna danganta shi da Halliru, har akwai garin da ake kira Al-Khadir kusa da Baitalami. A zamaninmu ma ƙwallo ce ta dawo da tutar titi. Duba hotunan 1966 da Ingila ta ci kofin duniya, tutar Birtaniya ce a hannun 'yan kallo. Sai a gasar Turai ta 1996, wadda aka buga wasanninta har a Villa Park da Old Trafford, jan gicciye ya cika filaye da tagogin motoci.

Bayan 1291 me ya biyo baya? A Sifaniya da Bahar Rum an ci gaba da gwabzawa, Garnaɗa ta faɗi a 1492, aka yi yaƙin Lepanto a 1571. Ingila kuwa wata hanya ta bi. Da Fafaroma ya kore Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya daga cocinsa a 1570, sai ta nemi abota wurin Sarkin Musulmi Murad na Uku a Santambul da Ahmad al-Mansur na Maroko, shi ne wanda rundunarsa ta karya daular Songhai a Tondibi a 1591. Ingila ta riƙa sayar wa Turkawa kuza da dalma, kayan haɗa makamai. A 1600 al-Mansur ya aika jakada Landan, Abdulwahid bin Mas'ud, aka zauna ana shawarar yadda za a haɗa kai a kan Sifaniya. Wani mai zane ya zana shi da farin rawani da baƙar alkyabba da takobi a kugu, yana kallon mai kallonsa ido cikin ido. Wannan zane yau mallakar Jami'ar Birmingham ne. Abin da ya rage na Salibiyya a ƙauyukan Ingila bai wuce sunayen mashaya ba. A Kings Norton, kusa da inda rigimar tutoci ta tashi, akwai gidan wani fatken ulu da aka gina da katako a 1492, wanda daga baya ya zama mashaya mai suna Saracen's Head, wato kan Basarkine, sunan da Turawan da can suke kiran Musulmi da shi. Gidan ya ci gasar gyaran tsofaffin gine-gine ta BBC a 2004, da aka gama gyara sai aka sa wa wurin St Nicolas Place, wasu mutanen unguwa suka yi ta ƙorafi.

A ɓangaren Musulmi ma haka. Ba a manta da Faranjawa ba, amma bala'in da ya fi girgiza malamai shi ne faɗuwar Bagadaza a hannun Mongol a 1258, gwarzon da masu ba da labari suka fi rerawa a Masar da Sham kuma Baibars ne, sarkin Mamlukawa. Mu duba namu. Da Clapperton, matafiyi ɗan Birtaniya, ya isa Sakkwato a 1824, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya tambaye shi ɗarikun Kirista na da can, har ya kawo sunayensu, ya tayar masa da maganar harin Ingila a kan Aljaza'ir da yadda ta mamaye Indiya. Mutum ne mai zurfin karatun tarihi, amma abin da ya dame shi game da baƙonsa jiragen ruwan zamaninsa ne.

Ƙarni na 19 ne ya sauya komai. Walter Scott ya fitar da littafinsa The Talisman a 1825, ya zana Richard jarumi, Salahuddin mai karamci, yara suka tashi da shi a makarantu. Faransa ta mamaye Aljeriya a 1830, ta kuma keɓe ɗakuna a fadar Versailles don hotunan Salibiyya, tana nuna cewa aikin kakanni take ƙarasawa. A 1860 aka kafa mutum-mutumin Richard bisa doki, takobi a sama, a ƙofar majalisar dokoki a Landan, yana nan har yau. Da Turawa suka yi ta nanata cewa su jikokin 'yan Salibiyya ne, sai Musulmi suka gaskata su. Sarkin Musulmi Abdulhamid na Biyu ya riƙa cewa Turai Salibiyya take yi masa da siyasa. Sarkin Jamus Wilhelm na Biyu ya ziyarci kabarin Salahuddin a Dimashƙa a 1898, a 1899 kuma Sayyid Ali al-Hariri ya buga tarihin yaƙoƙin da Larabci a Alƙahira, na farko irinsa. A wannan zamani ne Birmingham da Manchester suka zama manya. Yadin Manchester yana ratsa hamada ta Tarabulus ya iso kasuwar Kurmi, bindigogin Birmingham suna sauka a gaɓar Afirka ta Yamma. A 1902 aka kafa ƙungiyar bunƙasa noman auduga a Manchester, idonta a kan ƙasar Hausa. Shekara ɗaya bayan haka Kano ta faɗi, Sakkwato ta bi, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a Burmi. Abin da kakanninmu suka gani da idonsu ke nan, zuwan Nasara da bindiga mai ruwa, kuma a kan wannan miki ne labarin Salibiyya ya zo ya zauna daga baya.

Shekarar 1917 ta ƙulle maganar. A Nuwamba gwamnatin Birtaniya ta gargaɗi jaridu kada su kira yaƙin Falasɗinu Salibiyya, domin akwai dubban sojojin Indiya Musulmi a rundunarta. A wannan wata ne dakarun dawakin Warwickshire suka kai sukuwarsu a Huj, kusa da Gaza. Ranar 11 ga Disamba Janar Allenby ya shiga Ƙudus a ƙasa, ya sa sojoji Musulmi su tsare Harami. Duk da haka mujallar Punch ta buga zanen Richard yana leƙen birnin daga tudu, kamar burinsa ne ya cika. Maganar nan da ake ɗora wa Allenby a wa'azi, wai ya ce yau Salibiyya ta ƙare, ba ta cikin jawabin da aka karanta a ranar, ya kamata masu wa'azinmu su daina kawo ta. Ba su ma buƙatarta, domin Sanarwar Balfour ta 2 ga Nuwamban 1917 a rubuce take, kuma a Manchester aka ƙulla yawancin zarenta: Balfour ya daɗe yana wakiltar gabashin birnin a majalisa, Chaim Weizmann, jagoran 'yan Sahayoniya, malamin kimiyya ne a jami'ar garin, editan Manchester Guardian, C. P. Scott, shi ya kai Weizmann wurin Lloyd George, wanda daga baya ya zama firayim minista.

Na baya-bayan nan da yawanmu mun gani. Bin Laden ya yi shelar yaƙi da Yahudawa da 'yan Salibiyya a 1998, George Bush ya furta kalmar Salibiyya a Satumban 2001, kowanne ya ba ɗaya abin da yake nema. A 2009 ƙungiyar EDL ta masu ƙyamar Musulmi ta fito da tambarin garkuwa mai jan gicciye da rubutun Latin, manyan zanga-zangarta na farko kuma a Birmingham aka yi su a Agusta da Satumba, sai Manchester a Oktoba. Ranar 22 ga Mayun 2017 wani matashi haifaffen Manchester ya ta da bam a Manchester Arena bayan an tashi daga wasan waƙa, mutum 22 suka mutu, ƙaramarsu 'yar shekara takwas. Ƙungiyar IS ta ce taron 'yan Salibiyya ta kai wa hari. 'Yan mata ne da iyayen da suka zo ɗaukarsu. Babu mazhabar da ta halatta wannan jini, kuma duk wanda ya iya kallon yarinya 'yar firamare ya ga barden 1099, to an riga an cinye masa hankali da tarihin ƙarya. A daren nan direbobin tasi, da yawansu Musulmi, suka kashe mita suka yi ta kai mutane gida.

Masu ja da ni iri biyu ne. Na farko suna cewa gaba ce ta addini tun fil azal, Nasara ba su taɓa ajiye takobi ba. Ana jin wannan a wasu mumbarorinmu, ana kuma jin kishiyarsa daga bakin masu ƙyamar Musulmi, su ma suna cewa jihadi bai taɓa tsayawa ba. In haka ne, me ya kai 'yan gicciye washe Kustantiniyya? Me ya sa Sultan al-Kamil ya miƙa wa Sarki Frederick na Biyu Ƙudus da yarjejeniya a 1229? Me ya haɗa Elizabeth da Murad, ko ya sa sojan Ingila ya mutu yana kare daular Usmaniyya a Kirimiya a 1854? Wannan fahimta tana da haɗari har a gida, domin da ita ake shafe asalin rikicin Kaduna na 2000 da na Jos na 2001, inda maganar ƙasa da sarauta da ɗan gari da baƙo take kwance a ƙarƙashin sunan addini.

Na biyu suna cewa babu ruwan tarihi, talauci ne kawai. Suna da hujja mai ƙarfi. Masana'antar motoci ta Longbridge, maƙwabciyar Northfield, ta durƙushe a 2005, ma'aikata wajen 6,000 suka rasa abin yi. Majalisar Birmingham ta bayyana cewa asusunta ya karye a Satumban 2023, masu kwashe shara suka shiga yajin aiki gadan-gadan a Maris na 2025, har buhunan bola suka yi tudu a bakin titi. Na yarda fushin daga nan yake, na kuma yarda mafi yawan masu rataya tuta ba su san Gisors ba, ƙasarsu kawai suke so a gani, wannan kuwa haƙƙinsu ne. Abin da talauci bai bayyana ba shi ne dalilin da fushin yake juyawa kan masallaci maimakon kan ofishin da ya hana aiki. A nan ne hoton barde yake aikinsa, shi ke nuna wa mai fushi wanda zai ɗora wa laifi. Har FIFA sai da ta hana 'yan kallon Ingila shiga filin wasa da shigar 'yan Salibiyya a Ƙatar a 2022. Babban Masallacin Birmingham ya gane wannan tun a Afrilun 2017: ranar da EDL ta zo gari, sai ya rataya tutocin Birtaniya, ya dafa shayi, ya gayyaci kowa.

Akwai kuma wani gadon da garuruwan biyu suka haɗu a kansa wanda ba a cika faɗa ba. Alphonse Mingana, Kirista ɗan arewacin Iraƙi, ya yi shekaru yana tsara littattafan Larabci na ɗakin karatun John Rylands a Manchester. Edward Cadbury, na gidan masu Bournvita, shi ya ɗauki nauyin tafiye-tafiyensa zuwa Gabas ta Tsakiya a shekarun 1920, ya tattaro rubuce-rubucen hannu kimanin 3,000 na Larabci da Suryananci aka ajiye a Selly Oak. A cikinsu ne a 2015 aka bayyana gwajin wasu warƙoƙi biyu na Alƙur'ani, rubutun Hijazi a kan fata, ɗauke da sassan Kahfi da Maryam da Ɗaha, gwajin ya nuna fatar ta tsakanin shekarar 568 ce da 645, wato tana cikin mafi daɗewa a duniya. A Selly Oak ɗin ne aka buɗe cibiyar nazarin Musulunci da dangantakar Kirista da Musulmi a 1976, daga Jami'ar Birmingham kuma Farfesa David Thomas ya jagoranci tattara abin da ɓangarorin biyu suka rubuta a kan juna tun daga shekarar 600 har 1914. Mujalladin farko ya fito a 2009, aikin ya haura mujalladi ashirin, akwai kuma na Afirka a ciki.